Garin da Ya Yi Fari a Jikin Inna

Murjanatu ta sha wuya a ɗakin gwaji kafin ta haɗa garin nan, ƙarfe da ƙarfe, sinadarin sayanayid na riƙe da su a tsakiya. Cokali guda bai cika ba, amma ga rainin hankali. In ya ji sanyi sai ya yi shuɗi, in ya ji ɗumi sai ƙwayoyin ƙarfen su sake zama, ya koma fari. Wannan juyin za ta nuna wa Farfesa Lasisi, mai jarraba ta, in ko bai juya ba, digirin sai baɗi.

Innarta ba ta san ko ɗaya ba. Murjanatu 'yar fari ce, Inna kuwa Bafulatana ce ta gaske: ko sunanta ba ta faɗa, balle ta tsaya tambayar me take karantawa.

Da safen jarrabawar, a unguwarsu ta Kwararafa ana sanyi kamar a yi kuka, Murjanatu ta miƙa mata kwalbar garin za ta shiga wanka.

"Inna, riƙe min. Rayuwata ce a ciki."

Rayuwar 'yarta guda, a bar ta a kan tebur? Inna ta cusa kwalbar cikin riga, ta ja zani ta ɗaure. Da ta zaro don dubawa, sai ta yi salati. Gari ya yi fari. Ta lalata wa yarinya kaya, kuma da wane baki za ta faɗa? Ta lallaɓa ta ɗauko bular wanki, ta zuba, ta girgiza.

A gaban Farfesa, Murjanatu ta tsoma kwalbar a ruwan ɗumi. Shuɗi. Aka ƙara wuta. Shuɗi, har da sheƙi. Farfesa ya leƙa, ya gyara tabarau.

"Malama, wannan ai shi Afusat matata ke saka wa fararen rigunana."

Murjanatu ta dawo gida tana huci, ta tarar Inna ta ɓoye hannu cikin mayafi, amma babban yatsa ya leƙo, shuɗi shar.

Inna ta ce, "Ke, ya kwanta ne a jikina, na tashe shi."

"Inna, farin nan fa shi ne karatun."

Idon Inna ya kawo ruwa. Can ta ce, a hankali, "To wallahi ya yi, fari tas kamar nono. Kin iya, Murjanatu."

Murjanatu ta manta da faɗan da ta kwaso. Ba ta taɓa jin sunanta a bakin nan ba.