Kitsen Mina a Gindin Jirgi

"Kitsen nawa ka shafa wa jirgi, Malam?"

Ummulkhairi ta kife tulun a tsakar gidansu na unguwar Misfala, ko ɗigo babu. Da hannunta ta soya kitsen ragunan Mina, don miyar yara har wani hajin.

Mijinta Sabo, mai fiton alhazai a Jidda, ya ce gansakuka da katantanwa sun lulluɓe gindin jirgin ruwansa, ya daina gudu. In an kankare, dole a shafe da kitse da farar ƙasa.

"Madalla. Katako ya ƙoshi, 'ya'yanka na shan miya lami."

Ya sosa ƙeya, idonsa na kan 'yar tukunyar ragowar kitsen da ta ɓoye bayan murhu.

"Gefe ɗaya ya rage, Hajiya. Ko za ki sam mini waccan?"