Muryar da Ba Ta Dashe Ba

Tun da ta auri mai sharhin ƙwallo na rediyon gwamnati, ta san aikinta ranar wasa: ta ɗora ruwan zafi, ta fito da zuma. Duk ranar da ƙasarsu ta ci, muryarsa a dashe yake dawowa saboda ihu, ko gishiri yake so sai dai ya nuna da hannu.

A gasar ƙasashe ta bana, dab da zaɓe, suka ɗauki kofi da wani fenareti. Ba a gama murna ba 'yan adawa suka ce gwamnati ce ta sayi alƙalin wasa. Minista ya ce hassada ce, majalisa ta kafa kwamiti, mijinta kuma ya shiga rediyo yana rantsuwa cewa gumin 'yan wasa ne.

Ita ba ta san dokar fenareti ba, ba ta kuma damu ba. Abin da ta sani, ranar ya shigo da sallamarsa rangaɗau, har ya yi wa autarsu faɗa kan takalmi. Ruwan ya huce a kofi.

Wata safiya yana ɗaura agogo ya ce, "Maman auta, surutun nan da ake yi duk ƙarya ne."

Ta mayar da kwalbar zumar cikin kabad.

"Ni ban tambaye ka ba, Maigida. In za a sake irin wannan cin, ka gaya mini da wuri yadda aka gaya maka, kada in ɓata gas."