Hoton Afiniki

"Samson, maman ka yana kiran sunan ka fa," in ji Hulda, waya a kunne, ɗaya hannun riƙe da kofin kunun da Afiniki ta kasa haɗiyewa.

"Ina mitin, anti. Zan kira."

Bai kira ba. Afiniki ta cika ran Laraba da hantsi a ɗakinta na bayan kasuwar Kafanchan, ba kowa a kanta sai Hulda maƙwabciyarta.

Ba yar da 'ya'yan nan ta yi ba. Da mijinta ya mutu, aikin kankare citta da take yi ya kasa ciyar da baki uku, sai ta miƙa Samson da Rosemary ga kawunsu mai gidan bene a Abuja. Can suka koyi cin abinci da cokali mai yatsu, suka koyi yatsine fuska in an ambaci gida. Shekara ashirin, zuwansu uku, ko ruwan randarta ba su sha ba.

Tana mutuwa kuwa sai ƙauna ta motsa! Aka ajiye gawa a mocuwari wata guda, aka shafe gidan da fenti, aka yi odar riguna masu hoton marigayiya. Hoton ne babu. Samson ya lalubo wani tsoho na Zumuntar Matan coci, su goma sha biyu cikin zani da ɗankwali iri ɗaya, ya dangwala yatsa ya ce wa mai bugawa, "Wannan."

Ran jana'iza Hulda ta fito, ta ga fuskarta ita kanta, ba ta Afiniki ba, a ƙirjin kowa.

"Samson, wannan ni ne. Maman ka yana can ƙarshen layi a hoton."

Ya dubi rigar, ya dube ta, ko gezau. "Anti, an riga an buga. Baƙin mu na Abuja ba su san shi ba ai. Ki bari kawai."

Rosemary ta gyara baƙin tabarau, ta ci gaba da kukanta daidai inda mai bidiyo yake.

Haka aka binne Afiniki, 'ya'yan cikinta sanye da fuskar wata. Tun kafin a kwashe kujeru motocin Abuja suka tashi.

Hulda ta tarar da hoton Zumuntar yashe a kan taga, kwalbar lemo a kansa. Ta ɗaga, ta goge shi da bakin zani. Ga Afiniki can gefe, rabin kafaɗarta bai ma fito ba, tana ta murmushi.