Tsakuwar Baba Maikano

Tun da likita ya hana Baba Maikano shiga kogi saboda ciwon gwiwa, sai shi ma ya hana kansa magana. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana su a kogin Wudil, wanda in yana yi mana faɗa a Sabon Gari ake jiyo shi daga bakin titi, ya koma kwanciya yana kallon bango. Tuwo sai an yi da gaske yake cin loma uku. Ni Sakina, autarsa, tsoro ya kama ni, don kullum ƙara ramewa yake.

Yayana Garzali malamin lissafi ne a jami'a, irin mutanen da ko tumatir ba sa saye sai sun yi bincike. Shi ya yanke cewa tunda Baba ba zai je wurin kifi ba, kifi zai zo wurin Baba. Ya sayo akwatin gilashi daga Kano, da jajayen kifaye shida, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Baba ya kalle su sau ɗaya ya juya baya.

"Saura tsakuwar da za a shimfiɗa a ƙasa," in ji Yaya.

Na ce a tsinto a tsakar gida. Ya harare ni kamar na zagi karatunsa. Ya ari tef ɗin ɗinkina, ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya ce kaurin shimfiɗar santimita biyar ne, ya cika takarda biyu da lambobi. Bayan la'asar ya sanar da mu sakamako: kilo goma sha huɗu da ɗigo huɗu.

Sai ya buga wa Yahuza mai tifa waya.

"Dakta, mu fa ba mu san kilo ba," in ji Yahuza. "Tifa, ko rabin tifa."

Yaya ya ce 'yar kaɗan ce, bokiti ɗaya ma ya yi yawa, don Baba ake so.

"Baba Maikano guda, wanda ya koya wa mahaifina su, zan kawo wa tsakuwa a bokiti? A ce ni ɗan waye a garin nan?"

Washegari da hantsi muka ji gida ya girgiza. Yahuza ya juye rabin tifa a ƙofar zaure, kyauta, ya yi gaba kafin a yi masa godiya. Ba shiga, ba fita. Awakin maƙwabta suka haye tsibin, Yaya kuwa yana tsaye a zaure da takardarsa a hannu.

Ƙarar ce ta fito da Baba, yana dogara sanda. Ya ɗauki tsakuwa ɗaya, ya murza, ya shinshina.

"Wane mara kan gadon ne zai zuba wa kifi tsakuwar gini? Dubi kaifinta, ai cikinsu za ta farke. Garzali, duk bokon nan ba a gaya maka ta kogi sumul take ba?"

Ya yi faɗa har ya gaji, ya huta, ya ɗora. Wata biyu rabon da in ji muryarsa haka. Wallahi ban taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba, sai da na shiga ɗaki na share hawaye.

Da aka samu aka buɗe hanya da shebur, Baba ya ce a kira adaidaita. A bakin kogi muka shimfiɗa masa tabarma, ya sa Dakta guda ya naɗe wando ya shiga ruwa. Duk tsakuwar da aka miƙo sai Baba ya duba, ya karɓi ɗaya ya jefar da uku, masunta na ta zuwa gaishe shi. A gida ya tsoma yatsa cikin shimfiɗar ya ce gaɓa biyu ake so. Yaya ya buɗe baki zai ce ai lissafinsa ke nan, na take masa ƙafa.

Ran nan Baba ya cinye tuwonsa, ya nemi ƙari.

Da Asabar ta zagayo, ya leƙa akwatin ya ce tsakuwar ba ta isa ba. Muka koma. Ta gaba ma haka. Kafin wata guda tsakuwa ta kai rabin gilashi, kifayen na yawo a sama kamar 'yan haya. Sai Yaya ya fara dabara: duk Juma'a in Baba yana barcin rana, ya kwashi rabi, ya hau babur ya mayar da ita inda muke ɗiba.

Jiya a bakin kogi Yaya ya miƙa wa Baba wata farar tsakuwa mai baƙin zane. Baba ya daɗe yana juya ta a tafin hannu, sannan ya ɗaga kai ya dubi ɗansa, wanda ruwa ya kai wa gwiwa.

"Wannan na san ta," ya ce. Ya jefa ta a bokiti. "Miƙo wata."