Abin da Dogo Ya Rubuta a Kebul

Duk layin garejin an san kebul ɗin Baba Mai Wayarin, kuma ba wanda zai gan shi bai yi murmushi ba. Irin kebul ɗin nan ne da ake soka kansa ɗaya a ƙarƙashin sitiyari, ɗayan a jikin kwamfuta, mota ta faɗi abin da ke damunta. Jabu ne tun asali, kwaikwayon na kamfani. Robar kansa ta tsage an naɗe ta da baƙin salatif, salatif ɗin ma ya tsufa an ƙara wani a kai. Ga shi da nawa kamar an aiki malalaci. In Baba ya jona shi, sai ya ja kujerarsa ya zauna, don kafin kebul ɗin ya gama gaisawa da mota, mutum ya isa ya sha ruwa ya huta.

Abin da 'yan layin ba su sani ba shi ne abin da ke fitowa a allon kwamfutar a lokacin wannan zaman. Babban ɗan Baba, wanda ake kira Dogo, shi ya zuba wa kebul ɗin manhajar da ke cikinsa a shekarar da zai rasu. Da yake Dogo ba ya rabuwa da tsokana, a gurbin da sunan kebul ke fitowa sai ya rubuta: "Baba, ka sha maganinka tukuna." Baba na da hawan jini, ga shi da mantuwa in an zo maganar magani. To tun bayan rasuwar, duk safiya in motar farko ta shigo, sai Baba ya karkatar da kwamfutar wajen bango, ya karanta, ya zaro kwalbar magani daga aljihu ya haɗiye ƙwaya, sannan a shiga aiki. Ban da 'yarsa Auta, ba wanda ya san da wannan.

Mijin Auta kuwa, wanda ake ce wa Injiniya, sana'arsa ke nan. Yana da ɗan shago a cikin masu gyaran waya, inda makanikai ke kawo masa irin waɗannan kebul ɗin in sun mutu. Kuma suna mutuwa, don da zarar wani gwanin kansa ya manta ya hau intanet da kebul a jone, manhajar kamfani za ta gane jabu ne ta kashe shi. Sai Injiniya ya buɗe, ya yi wa 'yar ƙwaƙwalwar da ke ciki filashin, wato ya goge abin da ke cikinta ya zuba sabo, kebul ya tashi garau. Mutumin kirki ne, ba a raba shi da wannan. Aibinsa ɗaya, hannunsa na ƙaiƙayi. Ba ya iya ganin abu na tafiya a hankali ya ƙyale shi. Bai san Dogo ba, bayan rasuwarsa ya shigo gidan.

Ya taɓa kawo wa surukin nasa sabon kebul a kwali. Baba ya jujjuya shi, ya sa albarka, ya miƙa masa abinsa.

"Wannan ɗin ma bai gaza ba, Injiniya."

"Baba, sababbin motoci ba ya karanta su. Masu su na wucewa gaba."

"Kowa da rabonsa," in ji Baba.

Abin ya tsaya wa Injiniya a rai. Ya yi ta tunani har ya gano amsar da ta gamsar da shi: tsofaffi da kwanson abu suke sabawa. To a bar wa Baba kwansonsa da salatif ɗinsa, a sauya abin da ke ciki. A wurin mai filashin, manhaja ba a bakin komai take ba, kullum yana goge ta kamar yadda ake goge allo.

Ana nan aka sa wa Baba ranar aikin yanar ido. Ya ba Injiniya makullin gareji don ya buɗe wa wani mai mota ya ɗauki motarsa. Injiniya ya buɗe, mai mota ya tafi, idonsa ya faɗa kan kebul ɗin a rataye a ƙusa. Ya sa shi a jaka yana jin daɗin kansa.

A shago ya warware salatif a hankali don ya mayar da shi yadda yake. Da ya buɗe kwanson ya ɗan tsaya. An yi aikin dalma a ciki, mai tsabta, ba irin na kamfanin jabu ba, hannun wani ne da ya san abin da yake yi. Bai jona kebul ɗin a manhajar mota ya ga me yake nunawa ba. Me zai gani a abin da zai goge? Amma yana da ƙa'ida, kafin ya goge sai ya kwafi tsohuwar manhaja ya ajiye. Ya maƙala 'yan wayoyinsa a ƙafafun ƙwaƙwalwar, ya ce ta karanto. Ba ta ba shi komai ba. An kulle ta, kuma irin wannan kullen ba ya buɗuwa sai an share komai. Ya saba gamuwa da haka, kusan rabin kebul ɗin da ake kawo masa a kulle suke. Ya danna gogewa, kafin ya ɗauke yatsa an gama.

Da la'asar ya koma gida ya tarar da Auta tana ninke kayan wanki a kan gado. Ya zaro kebul ɗin ya ɗaga mata.

"Kin gane wannan? Yanzu ko motar bana ce zai karanta, kuma kafin ki ƙifta ido."

Ta saki rigar da ke hannunta. "Na Baba ne? Me ka yi masa?"

"Filashin kawai. Ko salatif ɗin ban sauya ba."

"Na cikin fa? Ka ajiye na cikin?"

"A kulle yake, bai kwafu ba. Tsohon abu ne, Auta, me za a yi da shi?"

Ta zauna a bakin gado. Sannan ta gaya masa labarin Yayanta Dogo, da rubutun, da kwalbar magani. Ta ce wayar Yaya ta lalace tun tuni da duk muryarsa a ciki, kayansa an rabar, abin da ya rage wa Baba wanda ke yi masa magana shi ne wannan layi ɗaya.

Injiniya ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da ma faɗa ta yi masa da ya fi sauƙi. "Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Kai wa ka tambaya?"

Ya dubi kebul ɗin da ke hannunsa. Can ya ce, "Zan iya mayar da rubutun. Ba wuya. Ki faɗa mini yadda yake."

Auta ba ta so ba, amma ta tuna tsohon da ke kwance da bandeji a ido, ta faɗa masa. Washegari ya buɗe sabuwar manhajar, ya nemo gurbin suna, ya rubuta kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ya sake zubawa. Ya naɗe salatif, ya mayar da kebul kan ƙusarsa.

Ranar da Baba ya koma aiki, su biyun suka rako shi, wai don idon bai gama warkewa ba. Motar farko ta wani direban haya ce, fitilar inji ta ƙi mutuwa. Baba ya sauko da kebul, ya durƙusa ya soka shi ƙarƙashin sitiyari, ya karkatar da kwamfutar wajen bango, ya jawo kujerarsa. Bai kai ga zama ba allon ya cika da bayanin motar. Rubutun na nan a kusurwa, daidai inda yake fitowa.

Baba ya tsaya a sunkuye, hannu ɗaya a kan kujera. Ya daɗe yana kallon allon da idon da aka gyara.

"Wa ya taɓa shi?"

Injiniya ya durƙusa a kan simintin da ya sha baƙin mai. "Ni ne, Baba. Na so in kyautata ne. Ban sani ba, wallahi ban sani ba."

"Na Dogo yana jira na," in ji Baba, muryarsa ƙasa ƙasa. "Nawar nan da kuke wa dariya, shi ya sa ta da gangan. Ya ce kebul ɗin ba zai buɗe mini mota ba sai ya ba ni lokacin da zan haɗiye ƙwaya."

Auta ta rufe baki da mayafi. Wannan ko ita ba ta sani ba.

"Zan iya sa jiran, Baba," Injiniya ya faɗa da sauri. "Daidai yadda yake. Yau ɗin nan."

"Na san za ka iya. Kai gwani ne." Ba gatse a maganar, kuma wannan ya fi yi wa Injiniya ciwo. "Tashi, ka ɓata wandonka. Na yafe maka. Amma in an tashi aiki ka tafi da shi ka cire rubutun nan. Ba shi ya rubuta ba."

Ya ture kujerar da ƙafa zuwa jikin bango, ya juyo da kwamfutar fili inda kowa zai gani, ya fara karanta abin da ke damun motar. Auta na kallon kwalbar magani da ta turo aljihun rigarsa. Ta jira ko zai tuna, ta ga ya ɗauki abin gwajin wuta ya nufi bonet.

"Baba," ta ce, "maganinka."

Ya tsaya. Bai dube ta ba. Ya zaro kwalbar, ya haɗiye ƙwaya a tsaye ba ruwa, ya mayar aljihu.

Direban hayar, wanda ya je sayen katin waya, ya dawo ya ga har an gano matsalar an buɗe bonet. Ya washe baki.

"Kai, Baba, yau ba zaman jira! Sabon kebul ka yi ne?"

Baba ya dubi tsohon salatif ɗin da ke leƙowa daga ƙarƙashin sitiyari.

"Sabo ne," ya ce.