Shafukan da Aka Yanka

Shekara talatin da ɗaya Keziya tana yi wa gidan Holroyd girki. Ko harafi ɗaya ba ta sani ba, amma babu littafin da ya shigo gidan ba ta goge masa ƙura ba. Ta san sabon littafi a liƙe yake zuwa, sai mai karatu ya bi da wuƙa yana tsaga shafukan. Da hannu take gane wanda aka karanta da wanda aka ajiye don baƙi su gani.

Mista Holroyd mai masaƙa shi ne shugaban dattawan da ke zaɓar abin da ɗakin karatun gari zai ba matan garin aro. Ran Litinin ya shigo da wani littafi mai jan bango, wai labarin wata matar aure ne da ta bi soja, ran Alhamis zai sa a hana shi.

Uwargida ta ce, "Ka karanta ne?"

"Ni? Allah ya sawwaƙe. Warinsa ma ya ishe ni."

Ran Laraba limamin coci ya zo shan shayi. Ya ɗauki littafin da yatsa biyu, littafi kuwa ya wage a tsakiya kamar ya saba. Keziya na tsaye da buta. Ta ga kunnen maigida ya yi ja. Ya fizge littafin, ya juya zuwa ƙarshe, ya tarar nan ma an yanka, sai ta ga ya saki numfashi. Ta riƙe wannan a ranta.

Ya ce, "Ashe akwai mai karanta ƙazanta a gidana!"

Idonsa ya sauka kan Malama Selina, mai koya wa yaran gidan karatu, marainiya da ba ta da kowa. Ya ce ran Juma'a ta tattara kayanta, kuma ba zai ba ta takardar shaida ba. Mace babu wannan takarda, ba gidan mutunci da zai buɗe mata ko ƙofar baya.

"Keziya, jefa shi a murhu."

Selina ta biyo ta madafa tana kuka tana rantsuwa.

Keziya ta ce, "Rage rantsuwar, 'yar nan, kowa ya iya ta. Da me kike yanka littattafanki?"

"Da wuƙar ƙashi ta mahaifiyata."

"Jeki wanke fuskarki. Ban ce na yarda da ke ba."

Keziya ta kai littafin bakin taga. Farkonsa a liƙe gam, ba wanda ya damu da yadda matar ta yi aure. Tsakiya an yanka da gaggawa, bakin takardar ya yi ruwan ƙasa. Ta kai hanci, ta ji taba. Ta karkaɗe, garin taba ya zubo mata a tafin hannu. Ƙarshen kuwa, shafi uku kacal, ba wuƙa ba ce ta bi su, wani abu ne marar kaifi ya yage su, ga ɗan silin ulu ruwan toka a maƙale. Mutum ɗaya ke saƙa wa maigida safa ruwan toka a gidan. Keziya ta daɗe tana kallon silin, sannan ta cusa shi a aljihu.

Washegari da hantsi ta sami maigida a ɗakinsa yana shirin tafiya wurin dattawa.

"Ya ƙone?"

"Tukuna, maigida. Na ce bari in tambaya, yaushe Malama Selina ta fara shan lofe?"

Ta buɗe tsakiyar littafin a kan farar takardarsa, ta buga shi sau ɗaya. Ya dubi garin tabar, ya dubi 'yar wuƙar da yake ƙwaƙule lofensa da ita. Ya ja jarida ya rufe ta.

"Dubawa na yi. Saboda aikin dattawa."

"Abin da na ce ke nan. Aiki mai nauyi, har toka ta zubo maka wuri biyu ba ka ji ba."

"Amma ƙarshen ba ni ba ne!"

"Ni ce."

"Ke? Ke da ko sunanki ba ki iya karantawa?"

"Hoto nake nema, maigida. Ko ɗaya babu, an cuce ka." Ta ɗauke littafin. "Liman zai ci abincin rana a nan gobe. In kawo masa ya shinshina, ko in gaya wa Malama ta kwance akwatinta?"

Ya yi ta gyaran murya. Can ya ce a gaya wa yarinyar ya yafe mata.

Bayan ya fita uwargida ta leƙo madafa, wai ta zo duba nama. Keziya ta ajiye mata silin ulun a bakin tebur.

"Na ga kin yar da wannan."

Uwargida ta zauna a kujera ba tare da ta duba ko da fulawa a kai ba. "Da ya kori Malama, da na faɗa. Ina jin da na faɗa."

"Uhm. Matar littafin, ta mutu?"

"Kogi ta faɗa."

"Sojan fa?"

"An ƙara masa girma."

"Da kin tambaye ni, da ba ki wahalar da allurar saƙarki ba. Na ji an karanta irinsu biyar a falon nan, duk a kogi suke ƙarewa. Ban san yadda kifi ke samun wuri ba."

Uwargida ta kai hannu baki. Keziya ta leƙa ƙofa, ta rufe, ta ciro littafin daga kwandon dankali. Ta zaɓi wuƙa mai tsabta, ta goge ta da gefen riga, ta miƙa mata.

"Yanka mana farkon, uwargida, ki karanta a hankali ina fere. Ina so in ji me mijin ya yi mata. Nan ne ba wanda ya buɗe."