Abilio Ya Bar Matarsa Tsaron Kati

Ni Belmiro, na sauka Toronto da akwati ɗaya da takalmin aro. Ban taɓa zama a aji ba, amma da wuya ka haye wata gada a garin nan wadda hannuna bai taɓa kankarenta ba. Na faɗo daga saman gini na tashi na karkaɗe wando. Likitoci sun yanke mini rabin ciki, ga ni nan ina cin nama. Don haka idan na ce mutum sakarai ne, na ga maza kafin in faɗa. Abilio, ƙanin matata Odilia, sakarai ne.

Ni na samo masa aiki da ya zo daga tsibirinmu, San Migel. Da ya zama fomen sai ya sayi sarƙar zinariya, ya fara yi mini magana hannu a aljihu. Ni da shi katin zama kawai muke riƙe da shi, ba mu taɓa neman zama 'yan ƙasa ba. Matanmu ne suka je suka yi rantsuwa, su da son bin layi.

Ana nan sai surukata ta faɗi a can gida, ƙugunta ya karye. Abilio aka yi wa alkawarin gidan da filin shanu, saboda haka shi ya kamata ya je jinya. Wannan ban zarge shi ba. Abin da na zarge shi da shi, wurin da ya je neman shawara: shagon gahawar da muke karta a titin Dundas, inda kowane tsoho lauya ne. Wani ya ce masa kati ba ya mutuwa muddin mutum na da gida a nan. Wani ya ce a bar mota da inshora. Wani mai haƙori ɗaya ya rantse cewa sirrin shi ne a bar mata a gida, a riƙa zuwa ana taka ƙasa kowace shekara, hukuma ta ga kana da saiwa.

Matarsa Graciete ta daina aikin sharar ofisoshi a lokacin, tana marmarin ganin teku. Ta roƙe shi ya tafi da ita, ta ce ko ba komai ita ta san yadda ake juya tsohuwa a gado. Ya ce a'a, ita ce turkensa, a nan za ta zauna.

Na tare shi a ƙofar shagon na ce, "Kai mai sarƙa, ɗauki matarka. Namiji ba ya tsallake teku ya bar tukunyarsa a baya."

"Tsoho, kai cikinka kake ji," in ji shi. "Ni da ƙwaƙwalwa nake aiki."

Na ce masa ƙwaƙwalwar da ta kasa riƙe karta uku a hannu ba ta kai ta riƙe kati ba. Ya yi dariya, ya tafi.

Kowace bazara sai ga shi ya zo bikin cocinmu, ya yi sati biyu. Ya zo da cuku da giyar gida, ya sa kwat, ya tsaya a gaba wajen ɗaukar gunkin waliyyi don kowa ya gan shi. Da ya sauka jirgi yakan buga ƙafa a ƙasa, wai ya sabunta katinsa. Graciete kuwa ita ke kwashe ƙanƙara a ƙofar gida, ita ke kiran mai gyara idan na'urar ɗumama gida ta tsaya, ita ke kai jikoki makaranta. Da farko takan yi kuka a wurin Odilia. Daga baya ta daina, ta koyi tuƙi.

Tsohuwa ta daɗe, don danginsu ba sa saurin tafiya. Da ta rasu muka ce to, Abilio zai dawo. Ina. Ya zauna gyaran rufi, ya ƙaro maruƙa, yana aiko mana da hotonsa da hula a bakin kwale-kwale. Sai da ya ƙara fiye da shekara, gwiwa ta fara damunsa, sannan ya tuna da asibitocin nan. Ya je filin jirgi da katin da ya riga ya ƙare, suka ce ba ya shiga. Ya nemi takardar dawowa, aka amsa masa cewa a cikin shekara biyar ana son mutum ya zauna biyu a ƙasar, shi kuwa duk bukukuwansa a haɗe ba su kai rabin shekara ba.

'Yarsa Noemia ta kawo wata lauya gidana, domin a ɗakin girkina na ƙasa ake yin duk wani taron dangi. Odilia ta zuba miyar kabeji. Lauyar ta saurari labarin, ta juya wurin Graciete ta tambaye ta ko 'yar ƙasa ce. Graciete ta ce ƙwarai, tun 'ya'yanta suna ƙanana. Lauyar ta sake tambaya, to a ina take duk shekarun nan?

"A nan," in ji Graciete. "Ya ce in tsare masa kati."

Lauyar ta ajiye cokali. Ta ce da Graciete ta bi shi can sun zauna tare, kowace rana da ya kwana a tsibirin da an lissafa ta kamar a Toronto ya kwana, domin yana tare da matarsa 'yar ƙasa. Gida da mota ba su ƙara masa komai.

Na yi dariya har ɗinkin cikina ya motsa. Ni ma na taɓa zuwa jinyar mahaifina na yi kusan shekara huɗu, na tafi da Odilia, na dawo babu wanda ya ɗaga mini gira. Ban tambayi mai haƙori ɗaya ba. Graciete ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta wanke kwanonta, ta ɗauki makullin mota.

Suka ɗaukaka ƙara. Lauyar ta ce akwai ɗan fata, don jinyar uwa abu ne da alƙali ke tausaya wa. Ta gargaɗe shi ya yi magana kaɗan. Da alƙali ya tambaye shi ta waya me ya riƙe shi bayan an binne tsohuwa, Abilio ya shiga ba shi labarin shanunsa, har da wadda ta ci gasa. Nan katin ya tafi.

Hanya ɗaya ta rage: matarsa ta sa hannu ta nemo shi a matsayin miji, kamar sabon ango. Ya kira ta muna zaune, murya ƙasa-ƙasa, yana ce mata uwar 'ya'yana.

"Zan duba," ta ce. "Yanzu ina da abubuwa da yawa a gabana."

Ya shigo a watan jiya a matsayin baƙo, da tikitin komawa a aljihu. Ba shi da izinin ɗaukar ko shebur, kuma idan gwiwar ta tashi daga aljihunsa zai biya likita. Graciete ta ba shi ɗakin da jikoki ke kwana. Ranar Lahadi na leƙa gidan na tarar da shi a tsaye gaban famfo, sarƙa na lilo, yana goge tukunya. Na tambayi Graciete ko ta sa hannun. Ta ce tukunna, sannan ta ɗaga murya ta gaya masa gindin tukunyar bai fita ba.